Garin "Ba Na Son Ka-ce-na-ce": Yadda Magana Take Tafiya a Fadar Indeniye

Duk wanda ya zauna Abijan ya san Treichville, ko da a cikin woro-woro ya ratsa ta. Sai dai ba kowa ya san cewa sunan wani saurayi Bafaranshe aka laƙaba wa unguwar ba, wato Marcel Treich-Laplène, wanda ya mutu a Basam a 1890 bai ko cika shekara 30 ba. A 1887 ya bar bakin teku ya nufi arewa, yana bin sarakunan Anyi ɗaya bayan ɗaya da takardar yarjejeniya a hannu. Cikin waɗanda ya zauna gabansu har da Amoakon Dihye, sarkin Indeniye.

A irin wannan fada baƙo ba ya buɗe baki ya yi wa sarki magana kai tsaye, sarki ma ba ya amsa masa kai tsaye. Akwai mutum a tsakani, riƙe da sanda, duk magana ta hannunsa take bi. Wannan tsari yana nan har gobe a Abenguru da ƙauyukanta, inda mutanenmu da yawa suke da shaguna, suke sayen koko, suke sayar da shanu da albasa. Na sha jin 'yan uwa sun dawo daga can suna ƙorafi: "Kai, mutanen nan girman kai gare su, kana gaban mutum yana jin ka, amma sai an maimaita masa." Ni dai abin da na gani daban ne. Tsarin nan yana kare sarki, kuma ya fi kare baƙo irinmu, in dai baƙon ya san yadda ake bi da shi.

Wace ce Indeniye?

Abenguru tana gabashin Kodibuwa, kimanin kilomita 210 daga Abijan. In ka hau mota a tashar Ajame za ka wuce Azope da Akupe, ka tsallake kogin Komowe a Aniasuwe, sannan ka shiga gari. Hanyar ita ce ta zarce Anyibilekuru har Bunduku, tsohon zangon fataken goro.

Anyi reshe ne na al'ummar Akan, dangin Asante da Bawule da Abron. Kakanninsu sun taso daga ƙasar da ake kira Gana a yau, a farkon ƙarni na 18, lokacin da Asante ta yi ƙarfi bayan ta kayar da Denkira a 1701 ta shiga tura maƙwabta. Sun zo da kujerunsu na sarauta, da gangunansu, da ma'aunin zinariya, da kuma ladabin fada. Wata masaniyar tarihi Bafaranshiya, Claude-Hélène Perrot, ta shafe shekaru tana zama da dattawan yankin tana tattara tarihinsu na baka, ta fitar da littafi a 1982 kan mulkin Anyi na Indeniye a ƙarni na 18 da na 19. Sarkin da ke kan kujera a wannan zamani shi ne Nanan Boa Kuwasi na Uku. Kalmar "Nanan" tana nufin kaka, da ita ake kiran sarki da duk wani babban dattijo.

Sunan garin ma magana ce a kan magana. Masu ba da tarihi suna cewa asalinsa "n'pe kro", wato "ba na son ka-ce-na-ce". Turawa ne suka murɗe shi ya koma Abenguru. To, mutanen da suka sa wa garinsu wannan suna, dole su nemi hanyar da za a yi magana ba tare da ta zama rigima ba.

Mai sanda

Da Faransanci ana ce masa "porte-canne", mai riƙe da sanda. A Asante sunansa okyeame, Anyi kuma suna da kalmar da ta yi kusa da wannan. Turawan farko sun ɗauka tafinta ne kawai, har Ingilishi suka riƙa kiransa da sunan masanin harshe. Amma ko da sarki da baƙo harshensu ɗaya, sai mai sanda ya tsaya a tsakani.

Ga yadda abin yake. Kai mai ƙara za ka fuskanci mai sanda ka faɗi abin da ke tafe da kai. Shi kuma ya juya wajen sarki ya sake faɗa, amma ba kamar aku ba. Zai rage abin da ya yi kaifi, ya ƙara karin magana inda ya dace, ya jera zancen yadda kunnen fada zai karɓa. Sarki zai amsa da murya ƙasa-ƙasa, sau da yawa a 'yan kalmomi. Mai sanda ya ɗauki waɗannan 'yan kalmomi ya buɗe su ga jama'a da babbar murya. Wani malamin jami'a ɗan Gana, Kwesi Yankah, ya rubuta littafi guda a 1995 a kan wannan aiki kaɗai, ya nuna cewa maganar sarki ba ta cika sai ta bi ta bakin mai sanda.

Amfanin abin a fili yake ga duk wanda ya taɓa zama wajen sulhu. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. In sarki ya furta hukunci da bakinsa a bainar jama'a ya yi kuskure, babu mai janyewa. In ta bakin mai sanda ta fito, akwai sauran wurin gyara, sai a ce mai sanda ne bai ɗauko daidai ba. Haka in talaka ya yi suɓul da baka ya zagi sarki. Kunnen sarki ya ji, amma fada ba ta ji ba, tunda abin da mai sanda ya maimaita shi ne kawai aka shigar. Ga kuma lokaci: kafin magana ta je ta dawo, mai fushi ya ɗan huce, mai yanke hukunci ya ɗan yi tunani.

Mai sanda kuma shi ne ma'ajiyar fada. Shi ya san wa ya ba wa gona a zamanin wane sarki, wane gida ne suka zo daga baya, wace tara aka ci wani a kan irin wannan laifi. Shi ake aikawa wata masarauta, sandarsa ita ce shaidar cewa da yawun sarki ya zo.

Ba mu ne farkon baƙin da abin ya ɓata wa rai ba. Ibn Batuta, matafiyin nan ɗan Maroko, da ya iso Walata a 1352 ya ga wakilin sarkin Mali yana yi wa fatake magana ta bakin wani alhali suna dab da shi. Ya ɗauka wulaƙanci ne, har ya yi da-na-sanin zuwa ƙasar. Da ya isa fadar Mansa Sulaiman sai ya tarar da haka abin yake: akwai wani mai suna Duga a tsaye, duk mai son magana da sarki shi yake yi wa. Shekara kusan 700 ke nan, ƙorafin bai canza ba.

Mu ma muna da namu

Abin da ke ba ni mamaki shi ne Bahaushe ya ce wannan baƙon abu ne. Wanda ya taɓa shiga fadar Kano, ko Katsina, ko Damagaram, ya san sarki ba ya ɗaga murya. Amawali ya rufe bakinsa. Ka faɗi ka yi gaisuwa, fadawa ne za su amsa maka: "Sarki ya gaishe ka." In zai tashi ko zai zauna, su ne masu "Hattara" da "Gyara kimtsi". A Kano, Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama su ne ƙofofin da saƙo yake bi ya kai ga sarki, jakadiya kuma ita ke shiga da fita da magana a cikin gida inda namiji ba ya shiga. Shela aikin sankira ne.

Harshenmu na yau ma bai manta ba. Muna cewa "mai magana da yawun gwamnati". Muna cewa "kakakin majalisa", alhali kakaki ƙahon ƙarfe ne da ake busa wa sarki. Ko a gida, wane Bahaushe ne yake zuwa neman aure da bakinsa? Sai ya tura baffa ko kawu. Ko a kara, dillali ne yake shiga tsakanin mai sa da mai saye, don kada ciniki ya zama faɗa. Bambancin kawai, Anyi sun mayar da abin muƙami mai sanda da kujera.

Zaman da na gani

Shekarun baya na raka wasu dattawanmu daga Ajame zuwa wani ƙauye a kudancin Abenguru. Wani ɗan uwanmu ne yake da shago a can fiye da shekara ashirin, a filin da wani tsoho ya ba shi da baki. Tsohon ya rasu. Namu ya je ya yi ta'aziyya, ya daidaita da babban ɗan mamacin, ya ɗauka magana ta ƙare. Bayan wata biyu sai ga wani daban ya zo ya ce filin nasa ne. Ashe ɗan 'yar uwar mamacin ne. A al'adar Anyi gado ta wajen uwa yake bi, ɗan 'yar uwa shi ne magaji, har kujerar sarauta ma haka take tafiya. Dokar ƙasa ta 1964 ta ce 'ya'ya ke gado, amma a ƙauye, musamman kan filin dangi, tsohuwar al'ada tana da ƙarfinta.

Da muka isa gidan mai gari ba a tambaye mu komai ba. Muka bi layi muna gaisawa daga dama zuwa hagu, aka ba mu kujeru, aka kawo ruwa. Sai da muka sha, su kuma suka taso suka gaishe mu da "akwaba", sannan mai sanda ya miƙe ya tambayi labari, abin da suke kira amaniye. A nan ne baƙo yake yawan tuntuɓe. Labarin farko ba shi ne abin da ya kawo ka ba. Cewa za ka yi kun taso lafiya, hanya lafiya, kun zo gaisuwa. Su ma su ba ka labarin garinsu. Sai an sake tambaya, labari na biyu, sannan ka kwance jakarka.

Da aka zo kan batun, mai shagon ya kasa daurewa. Ya miƙe yana nuna magajin da yatsa, ya ce da Hausa wannan zalunci ne, ya ƙara da Faransanci cewa ɓarayi ne kawai. Wuri ya yi tsit. Mai gari yana jin Faransanci sarai, amma ko gira bai ɗaga ba. Mai sanda ya bari shirun ya ɗan daɗe, sannan ya juya ya yi magana da Anyi a hankali. Akwai wani yaro a gefena, ubansa Bahaushe uwarsa Ba'anyiya, shi ya raɗa mini fassara. Cewa mai sanda ya yi: baƙonmu ya ce zuciyarsa ta yi zafi, domin ya ɗauki marigayi uba, yanzu yana tsoron ya zama maraya, yana roƙon Nanan ya nuna masa sabon ubansa.

Wallahi ban taɓa ganin an ceci mutum daga bakinsa kamar ranar ba. Da maganarsa ta shiga yadda ya faɗe ta, da sai an fara cin sa tarar zagi kafin a taɓo batun fili, kuma da wuya magajin ya sauko. Mai gari ya shiga ciki da dattawansa, suka fito, mai sanda ya faɗi hukunci: shago yana nan, magaji shi ne sabon mai masauki, duk shekara bayan kakar koko a kai masa gaisuwa. Mai shagon ya roƙi gafara ta bakin babban dattijonmu, ba da nasa ba.

Da za mu tafi muka nemi hanya, kamar yadda ake yi ko'ina a ƙasar nan. Mai sanda ya ce an ba mu rabi. Rabin da suka riƙe, shi ne na dawowa.

Abin da ba a faɗa

Rabin ladabin fadar Akan sanin abin da ba a furtawa ne. Ba a cewa sarki ya mutu. A wajen Anyi da Bawule za ka ji an ce ƙafar Nanan tana ciwo. A Asante cewa ake babban itace ya faɗi, ko sarki ya tafi ƙauye. Ana iya ɓoye labarin kwanaki har sai manya sun shirya, kuma wanda ya riga fada faɗa ya yi babban laifi. Ku tuna da wannan a zamanin da kowa ke rige-rigen sa labarin mutuwa a Facebook.

Akwai kuma rantsuwar fada. Kowace masarautar Akan tana da wata baƙar rana a tarihinta, ranar da aka sha kashi a yaƙi ko aka rasa sarki, wadda ba a ambatonta. Wanda ya ambace ta da gangan a cikin jayayya, ya ɗauke maganar daga hannun mutum biyu ya kai ta gaban sarki, dole a zauna shari'a, wanda ya faɗi kuma ya biya mai tsada. Babbar rantsuwar Asante ta ƙunshi ranar Asabar da wani wuri mai suna Koromante, masu tarihi suna danganta ta da mutuwar Osei Tutu. Wato kalma guda tana aikin takardar sammaci.

Jiki ma yana magana. Namiji mai mayafi yana sauke shi daga kafaɗa in zai yi magana gaban sarki, ya zare takalmi. Ba a nuni ko miƙa abu da hagu, wannan kam mun san shi. Ba a ɗora ƙafa kan ƙafa. Ba a katse mai sanda.

Sanda, ganga da zinariya

Kafin mai sanda ya buɗe baki, sandarsa ta riga ta yi magana. A fadojin Akan ana sassaƙa siffa a kan sandar, a lulluɓe ta da ruwan zinariya, kowace siffa karin magana ce. Hannu riƙe da ƙwai: mulki kamar ƙwai ne, ka matse ya fashe, ka sassauta ya faɗi. Mutum biyu a gaban akushi, ɗaya yana ci ɗaya yana kallo: abinci na mai shi ne, ba na mai jin yunwa ba, wato sarauta ta magaji ce. Wanda ya iya karatun sanda yakan gane inda zaman ya dosa tun daga wadda aka fito da ita.

Haka 'yan ƙananan ma'aunan tagulla da ake auna garin zinariya da su. Akwai mai siffar kada biyu da suka haɗa ciki ɗaya, amma suna faɗa a kan abinci.

Sai ganga. Anyi harshe ne mai hawa da saukar murya kamar Hausa, don haka ganga tana iya kwaikwayonsa, yadda kalangu yake kiran sunan mahauci kowa ya gane. Manyan gangunan fada guda biyu ne a jere, atumpan, nan ƙasar ana ce musu atungbulan: namiji mai babbar murya, mace mai siririya. Da su ake kiran taro, a jero sunayen sarakunan da suka wuce, a gargaɗi sarki mai ci. Farfesa Georges Niangoran-Bouah na Jami'ar Abijan ya ɗauki abin da muhimmanci har ya kafa masa fannin ilimi, ya wallafa littafi a 1981 yana cewa a ɗauki maganar ganga a matsayin kundin tarihi, tunda makaɗi ba ya da ikon canza ta yadda ya ga dama.

Mu mazauna Ajame muna da shaida a ƙofar gida. Gangar Jiji Ayokwe ta mutanen Ebiriye, masu ƙasar Abijan, tsawonta ya haura mita 3, nauyinta kilo 430. Da ita suke sanar da ƙauyuka in Turawa sun fito kamun aikin tilas. A 1916 Faransawa suka ƙwace ta, daga baya aka kai ta Faransa. Sai a watan Yulin 2025 majalisar Faransa ta amince da dokar mayar da ita. Wanda ya ƙwace gangar nan ya san ba itace ya ɗauka ba, bakin mutane ya toshe.

Da alƙalami ya shigo

Rubutu ya fara shiga fadojin Akan ta hannun Musulmi. Turawan Ingila da suka je Kumasi, Bowdich a 1817 da Dupuis a 1820, sun tarar da malamai a kusa da Sarki Osei Bonsu suna rubuta masa wasiƙu da Larabci zuwa Gwanja da Dagomba, suna yi masa addu'a. Bayan yaƙin Katamanso na 1826, wani ƙunshin ɗaruruwan takardun Larabci daga sansanin Asante ya faɗa hannun mutanen Danmak, yana ɗakin karatu na sarki a Kofanhagan har yau. A wancan zamani Wangarawa da fataken Hausa masu zuwa Salaga da Bunduku da Kong ba su tsaya ga goro ba. Sun zama mutanen da fada ke buƙata saboda harshe da alƙalami. Amma sun san matsayinsu: malami yana rubutu, mai sanda yana magana.

Zuwan Faransa ya sauya lissafi. Yarjejeniyar 1887 da Faransanci aka rubuta ta, sarki ta bakin tafinta ya ji ta. Takarda ta ajiye abin da Bafaranshe yake nufi, abin da aka faɗa da baki kuwa iska ta tafi da shi. A 1893 aka ayyana Kodibuwa ƙasar mulkin mallaka, Binger ya zama gwamna na farko. A 1896 aka kama sarkin Indeniye, Kwasi Dihye, aka kai shi Gabon. Shekara tara kacal tsakanin sa hannu da kamun sarki.

Daga nan wani sabon mai tsakani ya bayyana, tafintan kwamanda. Bambancinsa da mai sanda babba ne. Mai sanda gaban jama'a yake magana, cikin harshen da kowa ke ji, in ya karkata za a gane. Tafinta shi kaɗai ke jin ɓangarorin biyu, babu mai duba shi. Amadu Hampate Ba, wanda ya ƙare rayuwarsa a nan Abijan a 1991, ya rubuta littafin Wangrin a 1973 a kan irin wannan tafinta da ya juya Turawa da sarakuna ya tara dukiya. Darasin dai guda ne: mai ɗaukar maganarka, ka tabbata akwai wanda yake jin abin da yake faɗa.

Abin da ya shafe mu yau

Kada wani ya ce wannan tarihi ne kawai. Dokar filayen karkara ta 23 ga Disamban 1998 ta ce gwamnati da hukumominta da 'yan ƙasa ne kaɗai ke iya mallakar filin karkara. Da yawa daga cikinmu asalinsu Tawa ne, ko Maradi, ko Sakkwato, ba su da takardar zama ɗan ƙasa. Wanda ma yake da ita, sau da yawa filin da yake kai da baki aka ba ubansa. Noman koko a yankin ya daɗe yana tafiya a kan kalmomi irin su abusan, inda mai aiki ke ɗaukar kashi ɗaya cikin uku na amfani, da abunyon, inda ake rabawa biyu. Ranar da aka samu saɓani, gidan mai gari ake fara zuwa kafin jandarma ko kotu. Gwamnati ma ta ƙarfafa su: dokar 2014 ta kafa Majalisar Sarakuna da Masu Gari ta Ƙasa, tsarin mulkin 2016 ya tabbatar da ita, mazauninta yana Yamusukuro.

To, a irin wannan zama, wa ke ɗaukar maganarmu? Yawanci dattijo ya faɗa da Hausa, wani ya juya ta Jula ko Faransanci, mai sanda ya juya ta Anyi. Tasha uku ke nan, kowace tasha kuma ana sauke kaya. In mai sanda mutumin kirki ne, kamar wanda na gani, an tsira. In yana da dangantaka da abokin shari'arka, ba ka da mai gaya maka abin da aka rage.

Yaranmu da aka haifa a nan suna jin Faransanci da Jula da nushi na titi, wasunsu Hausar ma ta fara guje musu. Sun iya ciniki, har sun sa sunan Garba ya zama abincin da duk Abijan ke ci. Amma kaɗan ne za su iya tsayawa gaban mai gari su ba da labarin farko da na biyu, ko su gane karin magana in an jefo musu. Sun saba da saƙon murya na WhatsApp, inda magana ke fita da zafinta ta shiga waya ɗari kafin mai ita ya huce. Na san rigimar kasuwa da ta kusa zama ta ƙabila saboda saƙo guda irin wannan.

Shawarata ga sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyinmu na Ajame da Treichville da garuruwan gabas ba mai tsada ba ce. Kowace al'umma ta ware mutum biyu ko uku da aka san su da sanyin baki, su zama su ne masu magana a duk zaman fada, mai ƙara ya yi shiru. A nemo yaranmu da suka tashi cikin Anyi, musamman waɗanda iyayensu mata 'yan ƙasa ne, a riƙa tafiya da su, a girmama su. Sau da yawa muna yi musu kallon waɗanda Hausarsu ba ta nuna ba, alhali su ne kunnuwanmu. Sai da ɗan gari akan ci gari. Kuma kada a bari sai rigima ta taso a san ƙofar fada. A je gaisuwa lokacin bikin doya, a je a ce "yako" in an yi musu rashi, a aika musu naman layya. In an daidaita da baki, a rubuta, mai gari da magaji na gaskiya su sa hannu, a tambaya tun farko wane ne ɗan 'yar uwa.

Akwai batun da ke sa wasunmu ƙin zuwa, wato kwalbar giya da ake kai wa fada da kuma zuba ta a ƙasa don kakanni. Musulmi ba zai saya ba, ba zai zuba ba, wannan babu ja. Amma a wuraren da na je, in aka gaya wa mai sanda tun kafin zama, cikin ladabi, cewa addininmu bai ba mu wannan ba, ga goro, ga rago ko abin da ya sawwaƙa, karɓa suke yi. Su yi nasu muna zaune, in sun gama sau da yawa su da kansu ke cewa malam ya yi addu'a. Abin da ba sa ɗauka shi ne a yatsine fuska a gaban jama'a, ko a miƙe a yi musu wa'azi a tsakar fadarsu. Wannan ma aikin mai tsakani ne: a faɗa masa a gefe, shi ya san yadda zai shigar da ita.

Kakanninmu sun yi ɗaruruwan shekaru suna ratsa ƙasashen Akan da jakuna, ba su da soja, ba su da ofishin jakadanci. Abin da ya tsare su shi ne sun san wa ake yi wa magana, da yaushe, da kuma ta bakin wa. Dattawan da suka gaji wannan sani suna nan a masallatanmu, amma suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda zai je zaman fada a wannan shekara, don Allah ya ɗauki saurayi guda ya zauna a bayansa ya saurara.

Allah ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu.